Tambaya da Amsa: Wuƙar Aljihu Mai Haƙora ko Mai Miƙaƙƙen Baki?

Wasiƙu huɗu ne suka iso wannan fili a kan wuƙar aljihu, wato ƙaramar wuƙar nan da ake naɗe ruwanta a cikin ƙotarta a jefa aljihu, kuma dukkansu abu guda suke kewayawa, shi ne bambancin da ke tsakanin wadda bakinta yake miƙe sumul da wadda aka tsaga wa haƙora irin na zarto. Na taƙaita kowace wasiƙa, na kuma haɗa su wuri ɗaya domin amsar wata tana ƙarasa amsar wata.

Tambaya ta farko ta zo ne daga wani mai amalanke a unguwar Zango a nan Damagaram. Ya ce aikinsa dakon ruwa ne a jarkoki da ɗaukar buhuna daga Kasuwar Dole, kuma kullum hannunsa yana kan igiyar leda, ko yana ɗaurewa ko yana yankewa. Ƙanensa ya kawo masa tsarabar wuƙa mai haƙora, amma mahaifinsu da ya jujjuya ta sai ya ce wannan ai zarto ce aka ba ta sunan wuƙa. Yana so ya san ko tsohon yana da gaskiya.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma a sana'arka ƙanenka ya yi maka zaɓi mai kyau. Yanka iri biyu ne, ko da yake da kalma ɗaya muke kiransu. Akwai yankan da ake danna bakin wuƙa cikin abu ya ratsa shi, kamar yadda wanzami yake tura aska a kan fatar kai, ko yadda ake feraye rake. Akwai kuma yankan da ake jan wuƙa gaba da baya a kan abin har ya rabu. Miƙaƙƙen baki shi ne sarkin na farko, haƙora kuwa domin na biyu aka yi su, kuma igiyar leda na biyun take bukata. Dalili shi ne zaren leda yana da santsi da tauri, yana kuma mirginawa a ƙarƙashin wuƙa, saboda haka da zarar kaifin miƙaƙƙen baki ya ɗan ragu sai ka ga yana zamewa a kan igiyar ba tare da ya kama ta ba. Haƙori kuwa duk ƙarfin hannunka a kan ɗan tsininsa yake taruwa, sai ya huda zaren, sannan lungun da ke tsakanin haƙori da haƙori ya tattara zaren ya hana shi gudu har kaifin da ke cikin lungun ya datse shi. Duk wanda ganyen rake ya taɓa yanka a hannu ya ɗanɗana wannan hikima, domin gefen ganyen ƙananan haƙora ne jere, ganyen da ba shi da tauri ko kaɗan amma yake tsaga fata idan an ja shi.

Wata ranar Alhamis na tsaya a bakin kasuwa ina kallon wani yaron mota yana fama da igiya shuɗiya da ta jiƙe ta kuma ƙulle a kan lodin buhunan wake. Ya take gefe guda da ƙafa, ya ja ɗaya gefen da hannun hagu, yana ta goga wata tsohuwar wuƙa a kai, igiyar tana ta fitar da gashi-gashi amma ta ƙi rabuwa, har gumi ya tsatso masa. Wani dattijo mai sayar da tabarmi ya miƙa masa wata ƴar wuƙa mai haƙora da tsawon ruwanta bai wuce ɗan yatsa ba, ja biyu ya yi igiyar ta rabu. Ban ce wuƙar dattijon ta fi tasa ƙarfe mai kyau ba, sai dai ita aikinta ta samu.

Akwai wani dalili na biyu da ya shafe mu musamman a Damagaram, shi ne yashi. Igiyar da ake ja a ƙasa, ko igiyar guga da take sauka rijiya tana hawowa, tana cika da ƙwayoyin yashi a tsakanin zarenta, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen wuƙa tauri. Kowane yanka da ka yi tamkar goga bakin wuƙar ne a kan dutse ta hanyar da ba ta dace ba. Miƙaƙƙen baki gaba ɗayansa yake haɗuwa da wannan yashi, don haka gaba ɗayansa yake dakushewa. A wuƙa mai haƙora kuwa tsinin haƙoran ne suke fara shan wahala, musamman idan an ɗora abin yankan a kan katako ko ƙarfen amalanke, lungunan kuma suna ɓuya ba su taɓa ƙasa ba, shi ya sa take ci gaba da yanka bayan ta daɗe ba ta ga dutsen washi ba. Ko da ta dakushe tana iya yage igiya da ƙarfin tsiya, abin da dakusasshen miƙaƙƙen baki ba zai yi ba. Wannan ne ya sa masu aikin jiragen ruwa da masu ceton mutane daga haɗarin mota suke son ta, domin a lokacin da ake bukatar datse igiya ko bel ɗin kujera cikin gaggawa ba a neman yanka mai kyan gani.

Inda Baba yake da gaskiya shi ne wuƙaƙen aljihun da iyayenmu suka saba gani duk masu miƙaƙƙen baki ne. Opinel, mai ƙotar itacen nan ta Faransa, tun 1890 ake ƙera ta, kuma a 1955 aka ƙara mata zoben ƙarfen da ake murzawa ya kulle ruwan don kada ya naɗe a kan yatsa. Douk-Douk, mai ƙotar ƙarfe fale-fale, an fara yin ta a garin Thiers na Faransa a 1929, ta kuma yaɗu a ƙasashen da Faransa ta mallaka, musamman arewacin Afirka. Okapi a Jamus aka fara ƙera ta a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Haƙora a kan wuƙar aljihu baƙi ne na baya-bayan nan, kamfanin Spyderco na Amurka ne ya yaɗa su a farkon shekarun 1980, da tsarin nan na babban lungu ɗaya da ƙanana biyu da ake maimaitawa har ƙarshen baki, wanda masu kwaikwayo suka cika kasuwa da shi yanzu. Don haka idan tsoho ya ga abin ya ce zarto ne, ido ne da bai saba ba. Sai dai zarto na gaskiya cire garin itace yake yi ya buɗe wa kansa hanya, haƙoran wuƙa kuwa yanka suke yi, kuma idan ka ɗora su a kan reshe mai kauri za su maƙale.

Tambaya ta biyu daga wani malamin makarantar allo ce a cikin Birni. Ya ce wani tsohon almajirinsa ya yi masa kyautar wuƙa mai haƙora mai tsada, amma duk lokacin da ya zo fiƙe alƙalami sai ta ɓata masa kara, yankan kuma ya riƙa karkata gefe guda. Ya ƙara da tambayar ko ya dace a yanka kaza ko ragon layya da irinta.

Allah ya gafarta Malam, laifin ba na hannunka ba ne. Fiƙe alƙalami yana cikin ayyukan da suka fi kowane aiki bukatar miƙaƙƙen baki, domin ana tura wuƙar ne a hankali tana ɗebe siririn ɓawo daga jikin karan har bakin alƙalamin ya yi daidai da kaurin rubutun da ake so, sannan a tsaga shi tsaga ɗaya madaidaiciya inda tawada za ta bi. Haƙora ba sa ɗebe ɓawo sumul, kowane haƙori layinsa yake bari a jikin karan, kuma tsininsu yana cakumar zaren karan ya farfasa shi. Karkatar da Malam ya lura da ita kuwa tana da sanadi a yadda ake ƙera su. Idan Malam ya juya wuƙar ya duba fuskokinta biyu, zai ga a fuska ɗaya kawai aka sassaƙa haƙoran, ɗaya fuskar a shafe take. Bakin da aka wasa ta gefe ɗaya kullum yana tura kansa gefe guda yayin da yake shiga abu, kamar amalanken da ƙafarsa ɗaya ta sace. A kan igiya babu wanda zai damu da wannan, amma a kan alƙalami, ko a kan fatar da baduku yake yankawa domin jaka ko takalmi, karkatar gashi ɗaya ɓarna ce. Shi ya sa ba za ka ga haƙora a kan kayan yankan dukawan garin nan ba, su da aikin fatarsu ya yi suna har wajen Nijar. Haka abin yake wajen feraye mangwaro, da gyara bakin asuwaki, da tsaga goro, da sassaƙa turke.

Game da yanka kuwa, ba na shiga hurumin malamai a gaban Malam, amma hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu sananne ne, inda aka umurci mai yanka ya kyautata yankansa, ya wasa wuƙarsa, ya kuma hutar da dabbar. Ni abin da zan ƙara ta fuskar ƙarfe shi ne haƙora kamawa da ja suke yi, suna cakumar gashi da fata, suna bukatar a kai a komo sau da yawa, kuma wannan kishiyar hutarwa ce. Bayan haka wuƙar aljihu gajeriya ce ga wuyan rago, kuma tana da gaɓa a tsakiya wadda za ta iya naɗewa idan dabba ta fizge, jini da kitse kuma su shiga gaɓar su yi wuyar wankewa. A nemi doguwar wuƙar maƙera mai miƙaƙƙen baki da ba ta naɗewa, a kuma wasa ta tun ana sauran kwanaki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wajen fiɗa ma haka ne, haƙori ɗaya da ya cakumi fata ya huda ta ya rage mata daraja a wurin masu jima. Ita kuwa kyautar almajiri Malam ya ajiye ta domin igiyar dabbobi da buɗe kwali, ba za ta rasa aiki ba.

Tambaya ta uku daga wata mai sayar da abinci ce a Sabon Gari. Ta ce ta sayi ƴar wuƙa mai haƙora, ta ji daɗinta ƙwarai a kan tumatir da burodi, amma bayan wata da watanni ta fara dagargaza tumatir maimakon yanka shi, ta goga ta a kan dutse kamar yadda take yi wa sauran wuƙaƙenta, abin kuma sai ƙara lalacewa ya yi.

Hajiya, abin da kika gani a farko gaskiya ne. Tumatir fatarsa tana da santsi da ɗan tauri, cikinsa kuma ruwa-ruwa ne, burodin nan dogo mai ɓawo shi ma waje ƙamas ciki laushi, kuma duk abin da yake haka haƙora sun fi iya shi, domin suna huda ɓawon ba tare da an danna an murƙushe cikin ba. Amma a kan albasa da attarugu da nama miƙaƙƙen baki mai kaifi ya fi tsabtar yanka.

Batun washi kuwa shi ne babban aibin wuƙa mai haƙora, kuma a ganina shi ya kamata mai saye ya fara tunawa kafin ya miƙa kuɗinsa. Ni ma na taɓa shiga wannan rami. Na kai tawa wurin wani mai washi da injin dutse mai juyawa, na juya ina gaisawa da wani, kafin in waiwayo ya riga ya ɗora ta a kan dutsen, tartsatsi yana tashi. Da ya miƙo mini ita haƙoran sun koma kututture, lungunan ko taɓa su dutsen bai yi ba, bakin kuma ya yi shuɗi-shuɗi, alamar zafi ya ci taurin ƙarfen. Ban yi masa faɗa ba, domin abin da ya saba yi wa kowace wuƙa ya yi mata. Shimfiɗaɗɗen dutse tsinin haƙora kawai yake taɓawa, ga shi kuwa kaifin yana cikin lungu.

Yadda ake yi shi ne a nemi siririn abin washi mai kewaye wanda zai shiga cikin lungun, kamar ƙaramin magagari mai laushi da yake sirancewa zuwa ƙarshe. Idan babu, a naɗe takardar yashi mai laushi, irin wadda kafintoci suke ƙarasa gugar katako da ita, a jikin ƙusa ko waya mai kauri daidai faɗin lungun. A riƙe wuƙar fuskar da aka sassaƙa tana kallon sama, a kwantar da abin washin daidai gangaren da maƙerin ya yi tun asali, a tura shi a hankali sau huɗu ko biyar a cikin lungu ɗaya, sannan a koma na gaba. Idan aka shafa shafaffiyar fuskar wuƙar da yatsa daga sama zuwa baki aka ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya taso, to wannan lungun ya wasu. Bayan an gama duka sai a kwantar da shafaffiyar fuskar a kan dutse mai laushi ko fata, a ja sau ɗaya ko biyu ba tare da dannawa ba, domin ƙaiƙayin ya fita. Aiki ne na zama da haƙuri, lungu bayan lungu, kuma wuƙar da haƙoranta suka yi ƙanana ƙwarai kamar na ƙaramin zarton ƙarfe ba ta ma wasuwa ta wannan hanya, idan ta mutu ta mutu ke nan.

Ki kwatanta wannan da miƙaƙƙen baki. Kowane dutse mai laushi zai wasa shi, har da zoben nan marar sheƙi da ke gindin kofin tangaran idan an kife shi. Ana ɗaga bayan wuƙar daga dutsen kimanin digiri 15 zuwa 20, a ja ta kamar ana so a yanko siririn ɓawo daga dutsen, a yi wa fuska biyu daidai wa daida, cikin ƴan mintoci ta dawo. Akwai ma wata dabara da take rage bukatar haƙora gaba ɗaya. Bakin da aka wasa da dutse mai ɗan kaushi, aka bar shi haka ba a goge shi ya yi sheƙi ba, yana fita da ƙananan haƙoran da ido ba ya gani, waɗanda suke kama fatar tumatir da zaren igiya sosai. Ba sa daɗewa kamar manyan haƙora, amma ja uku ko huɗu a kan dutse yana mayar da su. Shawarata ga Hajiya ita ce ta bar mai haƙoran ga burodi kawai, kada ta riƙa yanka da ita a kan faranti ko tire na ƙarfe, ta kuma samu katakon yanka.

Wasiƙa ta huɗu daga wani saurayi ce a Mirya, kuma ta burge ni saboda gaskiyarsa. Ya ce ya ga wata wuƙa baƙa wadda rabin bakinta miƙe yake, rabin da ke kusa da ƙota kuma haƙora ne, ya ce ba wani aiki na musamman yake da shi ba, kwarjininta ne kawai ya ɗauki hankalinsa. Yana tambaya ko mai baki biyu ba ta fi duka ba.

Samari, son abu domin kyansa ba laifi ba ne, kuma masu ƙera wuƙaƙen nan sun san haƙora suna sa ƙaramar wuƙa ta yi kama da kayan sojoji, shi ya sa suke ƙara mata baƙin fenti. Amma ka auna da yatsanka. Ruwan Opinel mai lamba 8, wadda ita ce matsakaiciya, tsawonsa santimita 8.5 ne, kuma yawancin wuƙaƙen aljihu a nan kusa suke. Idan ka raba wannan gida biyu, haƙoran sun yi gajarta ga igiya mai kauri, domin kafin su kama sosai jan ya ƙare, miƙaƙƙen ɓangaren kuma ya yi gajarta ga kankana ko rake. Abin da ya fi damuna shi ne wurin da ake sa haƙoran. Gindin ruwan wuƙa, kusa da ƙota, nan ne hannu ya fi iko da ƙarfi, nan ake fiƙe fensir, nan ake sassaƙa, kuma nan ɗin ne aka mamaye da haƙora. Mai baki biyu tana da amfani ga wanda yake haɗuwa da siririyar igiya ko ɗaurin leda jifa-jifa kuma ba ya son ɗaukar wuƙa biyu, amma ga wanda zai feraye mangwaro ya yanke zare ya buɗe buhu, miƙaƙƙen baki nake ba shi shawara.

Ko wacce ka zaɓa, ka buɗe ta a gaban mai sayarwa ka girgiza ruwan hagu da dama ka ji ko yana rawa a gaɓarsa, ka kuma danna bayansa da tafin hannu, yatsunka nesa da hanyar da zai bi, ka ga ko makullinsa yana riƙewa. Ka tambaya ko ƙarfen mai tsatsa ne ko marar tsatsa. Marar tsatsa shi ne wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, ya fi jure damina da gumin aljihu, kuma ga mai haƙora shi ya fi dacewa domin danshi da datti suna maƙalewa a lungu. Mai tsatsa kuwa ya fi saurin ɗaukar kaifi a kan dutse, sai dai yana son a share shi a shafa masa ɗan mai bayan ya taɓa lemo ko albasa. A lokacin hunturu ƙura tana cika gaɓar har ka ji tana ƙara idan ka buɗe, sai ka hure ta, ka share da tsinke da ƙyalle, sannan ka ɗiga mai ɗigo ɗaya kawai, domin mai da yawa ƙura yake tarawa.